Unguwar Masu Irin Fuskarmu

"Ko bayan raina ban yarda ba."

Dada, mahaifiyar Rumaisa, ta faɗi maganar ba tare da ta ɗago daga tiren shinkafar da take tsincewa ba. Rumaisa na durƙushe a bakin tabarma, ko fararen kayanta na aikin jinya ba ta cire ba tun dawowarta daga asibiti.

"Dada, don Allah ki saurare ni."

"Tun bara nake sauraronki. Ban ce Mu'az ba yaron kirki ba ne. Na san gidansu a Nasarawo, na san uwarsa tun muna 'yammata. Da a nan Gombe zai ajiye ki, ko ɗaki ɗaya ne na haya, da tuni na fara tara miki kwanoni. Amma Amurka? Na ba Amurka 'ya guda, kin ga yadda ta dawo min da ita."

Ta yi nuni da haɓa zuwa ɗakin da ke ƙarshen baranda. Labulensa a sake yake, kamar kullum.

Ɗakin Adda Fatimatu ne, yayar Rumaisa. A da, in Adda ta yi dariya a tsakar gida har maƙwabta a nan unguwar Madaki sukan jiyo. Wani likita ya aure ta ya tafi da ita wani ɗan ƙaramin gari mai sanyi a Amurka, inda duk layinsu su kaɗai ne baƙaƙen fata. Ta yi gaisuwa har ta gaji, ba mai amsawa. In ta fito ƙofa, matar gidan da ke kallon nasu sai ta ja labule.

Wata rana sun dawo daga awon ciki suka tarar sun rufe ƙofa makullin yana ciki. Mijin yana ƙoƙarin buɗe taga, wani maƙwabci ya kira 'yan sanda ya ce ɓarawo ya gani. A gaban idonta aka kwantar da mijinta a ƙasa da bindiga a kansa, a ƙofar gidansa. Daga baya sun ba da haƙuri sun tafi. Cikin kuwa ko sati bai ƙara ba ya zube. Ta yi jinyarta ba uwa ba 'yar'uwa, ba ko mai leƙowa ta ce sannu. Da mijin ya ga ta daina ci ta daina magana, ya dawo da ita gida. Auren ya mutu a hankali, ba wanda ya yi faɗa da wani.

"Dada, ba duk Amurka ce haka ba," in ji Rumaisa.

"Kin taɓa zuwa?"

Rumaisa ta sunkuyar da kai.

"Da bakinsa Mu'az ya gaya wa Baffanku cewa a garin da yake aiki sai ya wuni bai ga baƙar fuska ba in ba tasa a madubi ba. Can kike so in tura ki? Ga Jalo nan, ya gama gininsa a wajen Tumfure, da ruwa da wuta. Keke Napep ɗaya zan hau in zo in gan ki."

"Ba na son Jalo, Dada."

"Ni kuma ba na son in ƙara ganin 'yata ta zama inuwa a ɗaki."

Sai a lokacin Rumaisa ta lura hawaye ne ke ɗiga cikin shinkafar. Ta rarrafa ta kifa kanta a cinyar uwarta, suka yi ta kuka tare, kowa da abin da take yi wa kukan.

Bayan sallar magariba mahaifinta, Baffa, ya kira ta falonsa. Mutum ne da ya yi wa gwamnati aiki har ya yi ritaya ba a taɓa kama shi da makara ba, kuma magana ma a tsare yake yin ta.

"Rumaisa, ke ba yarinya ba ce, kuma ban taɓa yi wa 'ya'yana dole ba. Ni dai ina son Mu'az. Injiniya ne, yana da aikinsa tsayayye, abin da ya fi kwantar min da hankali ke nan. Amma ba zan ba da ke inda uwarki ba ta sa albarka ba. Kawun Jalo ya zo ya ƙara zuwa, har na fara jin kunyarsa. Na ce su dawo ranar Asabar bayan la'asar. Dole in ba su amsa."

"Wace amsa, Baffa?"

"Wadda ke da uwarki kuka ba ni."

Washegari da ta samu sarari a wurin aiki, ta fita bayan ɗakin haihuwa, ƙarƙashin wata bishiyar maina, ta kira Mu'az. A can asuba ce, ta ji muryarsa a dushe.

"Ranar Asabar za su zo," ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Mu'az, na gaji. Ka ce min kana nema, kana nema. Har yaushe?"

Tun ranar da ta gaya masa dalilin Dada bai yi gardama ba. Cewa ya yi Dada tana da gaskiya, kuma zai nemo unguwar da Rumaisa za ta leƙa ta taga ta ga masu kama da ita. Daga nan duk ƙarshen mako yana kan hanya, wani lokaci a mota, wani lokaci a jirgi.

"Wallahi ban zauna ba," ya ce. "Kin san abin da ke ba ni wahala? In na ce wa dillali ina son inda baƙaƙe suke da yawa, sai ya ce shi doka ta hana shi ya yi wannan maganar, in je in duba da idona. Na kuwa duba. Na je wata unguwa, mutanenmu ne ko'ina, sun karɓe ni hannu biyu, amma gwamnati ta yi watsi da su, makarantar ta lalace, asibiti da nisa. Na je wata, komai tsaf, ga ciyawa ga shiru, ina tsayawa da mota na ga labulaye suna motsi. Na tuna Adda, ko fitowa ban yi ba."

"To babu ke nan."

"Akwai. An ce min akwai unguwannin da likitoci da malamai da lauyoyi baƙaƙe suka sayi gidaje suka zauna, kakanni da jikoki. Sai dai ba a kusa da ni suke ba. Nesa ne ƙwarai."

"Ni ba ruwana da nisa. Ko a cikin daji ne zan zauna da kai."

"Haka Adda ma ta ce wa mijinta, Rumaisa." Ya sassauta murya. "Ba na so son da kike min ya zama shi ne abin da zai cinye ki. Ki ba ni zuwa Asabar ɗin."

Ta kashe wayar ta jingina da bishiyar, ta goge fuska da gefen hijabinta, ta koma ta karɓi haihuwar wata mata kamar ba abin da ke damunta.

Da yamma, da ta sauka daga keke a bakin layinsu, Mama Zikora ta kira ta daga shagonta na kayan masarufi. Sunanta Ego, 'yar ƙabilar Ibo ce, amma ta fi Rumaisa daɗewa a Madaki, kuma Hausarta ba ta da maraba da ta kowace uwa a layin.

"Zo nan, 'yata. Idonki ya kumbura. Hajiya ce ko?"

Rumaisa ta zauna a kan benci ta gaya mata komai. Mama Zikora ta buga cinya.

"Kai, ku yaran yanzu! Kina da 'yar'uwa a can, kina ta kuka a nan? Zikora ba a Amurka take ba? Tun da suka sayi gida a bayan garin Atlanta, kullum zancenta ke nan, wai Mama unguwarmu duk baƙaƙe ne, har mai kawo wasiƙa. Ba ni lambar yaron nan."

Zikora ce ƙawar Rumaisa ta ƙuruciya, tare suka yi firamare. Bayan ta yi aure ta tafi, zumuncin ya koma gaisuwar sallah da ta Kirsimeti, har Rumaisa ta manta ko a wane gari take.

Mama Zikora ba ta tsaya nan ba. Ta rufe shago ta ja zani ta shiga gidan su Rumaisa, ta sami Dada a bakin murhu.

"Hajiya Hadijatu, magana na zo da ita, kuma sai kin ji."

"In dai ta Amurka ce, Ego, ki bar ta."

"Ba zan bari ba. Ranar da aka kawo ni garin nan ina amarya, ko sannu ban iya ba. Uwata ta yi kuka a tashar mota kamar gawa ta raka. Da na haifi Zikora, wa ya dafa ruwa ya yi min wankan jego? Wa ya dama min kunun kanwa ya tsaya a kaina sai na shanye?"

Dada ta kau da kai. "Wannan ai maƙwabtaka ce."

"To ita nake gaya miki. Ba ƙasar ce ta karya Fatimatu ba, rashin maƙwabci ne. Ki bari yaron nan ya nuna miki inda ya samo. In bai miki ba, ni da kaina zan taya ki cewa a'a."

Dada ta daɗe tana juya miya kafin ta ce, "Kallo dai zan yi. Ban yi alkawarin komai ba."

Ranar Asabar gidan ya tashi da wani irin nauyi. An share zaure an shimfiɗa darduma saboda baƙi. Rumaisa ta kasa cin komai. Saƙo ɗaya kawai Mu'az ya turo mata tun ranar da suka yi magana, cewa ya isa Atlanta kuma Zikora da mijinta sun sauke shi.

Ana idar da sallar la'asar wayar ta yi ƙara. Suna zaune a baranda, Dada da Baffa a kan kujeru, Mama Zikora a gefen tabarma. Rumaisa ta amsa kiran bidiyon ta jingina wayar da tulu.

Fuskar Zikora ce ta fara cika gilashin, ta yi ƙiba ta yi haske.

"Dada! Ina wuni? Baffa, ina wuni? Mama, na gan ki, ki daina leƙe!"

Duk da halin da ake ciki sai da Dada ta yi murmushi. A can hantsi ne, rana ta fito sosai. Mu'az ya matso ya durƙusa a kan titi ya gaishe su, ya rame, idanunsa sun faɗa. Rumaisa ta cije leɓe.

Zikora ta juya wayar ta fara tafiya. Titi ne mai faɗi da manyan bishiyoyi, gidaje na jan bulo, kowanne da ciyawa a gabansa da mota a ƙofa. Wani dattijo baƙi yana wanke motarsa, ya ɗaga musu hannu. Wasu yara suka wuce a kan kekuna suna ihu, 'yan matan da kitso a kansu.

"Wancan gidan na wani alƙali ne," in ji Zikora. "Na kusa da shi malamar makaranta ce, ta yi ritaya. Can ƙarshen layi akwai 'yan Senegal, Musulmi ne, su za su nuna wa Mu'az masallaci, ba nisa. Ga gidan da ake bayarwa haya, gida biyu tsakaninmu."

Dada ta matso da fuskarta. "Duk waɗannan gidajen na baƙaƙe ne?"

"Kusan duka, Dada."

"Nasu na kansu?"

"Nasu. Wasu ma iyayensu ne suka saya."

Dada ta buɗe baki za ta yi wata tambaya, sai suka ji motsin labule a bayansu. Adda Fatimatu ce a tsaye a ƙofar ɗakinta, siririya, da mayafi a kafaɗa. Rabonta da ta fito baranda alhali akwai baƙo a gidan har an manta.

"Ba ni wayar," ta ce.

Rumaisa ta miƙa mata. Adda ta riƙe da hannu biyu ta ƙura wa gilashin ido.

"Zikora, ni ba gidaje nake son gani ba. Inda na zauna ma gidajen sun fi waɗannan kyau. Ki gaya min gaskiya. In mijinki ya dawo da daddare ya tsaya a ƙofarsa yana laluben makulli, me zai faru?"

Dariyar Zikora ta ɗauke. "Ba komai, Adda. Sai dai maƙwabci ya leƙo ya ce ko ya kawo masa fitila."

"In kin fita daga unguwar fa?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Amurka tana nan yadda kika san ta. Akwai shagon da za ki shiga a yi ta binki da ido, akwai wurin aikin da za a raina ki. Amma in kin dawo layin nan kin dawo gida. Kina da wanda za ki gaya wa, kuma ya san abin da kike faɗa, don shi ma an yi masa."

"Da kika haihu, wa ya zo?"

"Bari ki gan ta da idonki."

Zikora ta tsallaka titi zuwa wurin wata tsohuwa mai furfura da ke ba furanninta ruwa. Ta yi mata magana da Turanci, tsohuwar ta ajiye tiyo ta goge hannu ta leƙo cikin wayar.

"Wannan ita ce Mama Millicent. Ita ta kai ni asibiti da motarta, mijina yana wurin aiki. Ita ta tsara matan layi, kowace rana da mai kawo min abinci har na warware."

Tsohuwar ta yi wata magana tana dariya, ta dafa ƙirji. Adda ba ta jira fassara ba, ta juya ta dubi Dada.

"Cewa ta yi a turo amaryar, ita 'ya'yanta duk sun watse, tana neman wadda za ta riƙa yi wa faɗa."

Muryar Adda ta karye a ƙarshen maganar. Ta zauna a ƙasa da wayar a hannunta, hawaye na zuba ba ta ko share su ba.

"Da irin wannan matar guda ɗaya na samu, Dada. Guda ɗaya tak."

Dada ta rufe fuska da gefen mayafi. Mama Zikora ma ta shiga sharar ido. Rumaisa ta san uwarta, ta ga kafaɗunta sun sauka.

Baffa ya yi gyaran murya.

"Mu'az."

"Na'am, Baffa."

"Wuri ya yi kyau. Amma a iya sanina, garin da kake aiki yana can arewa, wannan kuwa kudu ne. Yaya za ka yi da zuwa aiki?"

Rumaisa ta ga Mu'az ya dubi ƙasa kafin ya buɗe baki.

"Baffa, na roƙi kamfanin su mayar da ni reshensu na nan, sun ce babu gurbi. Sai na ajiye aikin."

"Ka yi me?"

"Na ajiye. Takarduna na zama ƙasar ba su dogara da su ba, wannan ba matsala. Na nemi aiki a wurare da yawa a nan, ina jiran kira."

Rumaisa ta dafe baki. Ko ita bai gaya mata ba.

Baffa ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba, amma duk sun san ransa ya ɓaci.

"Aikin da mutane ke mafarkin samu, ka ajiye shi saboda ciyawa da bishiyoyi? Ba ka shawarci kowa ba? Abin da ya sa na tsaya maka tun farko shi ne na ga kai mutum ne mai lissafi. Yanzu uwarta ta sauko, kai kuma ka janye abin da na tsaya a kai. In ɗauki 'yata in ba wanda ba shi da albashi, a ƙasar da ba ni da kowa?"

"Baffa, ba zan iya kawo ta wancan garin ba. Na san abin da zai yi mata."

Daga waje aka jiyo tsayuwar mota, sai sallama a zaure. Mutanen Jalo sun iso.

Rumaisa ta zube a gaban mahaifinta ta riƙe gefen rigarsa.

"Baffa, don Allah. Saboda ni ya yi. Ni ma ina da aikin hannuna, zan yi jarrabawarsu in yi aikin jinya kamar yadda Zikora take yi. Ba za mu rasa abinci ba. Kada ka hukunta shi don ya ji maganar Dada."

"Sake min riga, Rumaisa, baƙi na jira."

"Baffa." Adda Fatimatu ce. Ta miƙe tana dafa bango. "Mijina bai taɓa rasa albashi ba. Ranar da na roƙe shi mu tashi daga unguwar nan, cewa ya yi asibitinsa na kusa, in yi haƙuri. Ba mugu ba ne, aikinsa ya zaɓa. Na yi haƙurin, ga ni nan a gabanka. Wannan yaron aiki ya ajiye ya zaɓi ƙanwata. Ni ban san lissafi ba, amma na san wanne ya fi wuyar samu."

Tun dawowarta ba ta taɓa yi wa Baffa magana mai tsawon wannan ba. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya juya ga matarsa.

"Hajiya, ke me kika ce?"

Dada ta sauke mayafin daga fuskarta. "Ni dai unguwar ta yi min. Sauran kuma naka ne."

Baffa ya gyara hularsa ya nufi zaure. Adda ta kashe kiran, don kada Mu'az ya ji abin da zai biyo baya.

Zaman jiran ya yi wa Rumaisa tsawo. Suna jiyo muryoyin maza sama-sama, ba sa gane abin da ake faɗa. Daga baya aka yi addu'a aka shafa, baƙin suka fita. Baffa ya leƙo.

"Jalo yana waje, ya roƙi ya gan ki. Ki je ki sallame shi da mutunci."

Ta sa hijabi ta fita. Jalo na jingine da motarsa cikin farar shadda, kawunsa na zaune a ciki. Bai taɓa yi mata komai ba sai alheri, shi ya sa ganinsa ya fi mata ciwo.

"Rumaisa, Baffa ya ce mu koma da goronmu."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Ka yi haƙuri, Jalo. Ban taɓa ɓoye maka ba."

"Ba ki ɓoye ba." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Kin san ɗakin girkin gidan da na gina a Tumfure sau biyu na sa aka rushe, don na ji kin ce kina son taga babba? Ban faɗa don ki ji tausayina ba. Ina so dai ki san ni ma ba wasa na zo yi ba."

Hawaye suka cika mata ido. "Allah ya ba ka wadda ta fi ni."

"Ban ce amin ba tukuna." Ya buɗe ƙofar mota, ya tsaya. "Na ga kamar ba ki ji sauran maganar ba. Baffa ya ba Mu'az zuwa Babbar Sallah. In ya samu aiki, a ɗaura. In sallah ta wuce bai samu ba, ya ce ya rufe maganarsa har abada, kuma ya yi wa kawuna alkawari mu ne farkon waɗanda zai buɗe wa ƙofa. Kin san Baffanki ba ya magana biyu. Ba zan yi wa Mu'az mugun fata ba, Rumaisa. Amma zan jira."

Motar ta tashi ta bar ta a tsaye. Watan azumi ya riga ya wuce, Babbar Sallah ba ta da nisa. Ta juya ta shiga gida.

Wayar na ta ƙara a kan tabarma, Mu'az ne. Ta ɗauka ta kara a kunne, sai shessheƙar kuka ta ƙwace mata.

"Rumaisa? Ki yi min magana. Me Baffa ya ce?"

Wani hannu ya zare wayar daga nata. Dada ce, Baffa ya riga ya gaya mata hukuncinsa.

"Mu'az, ni ce."

"Na'am, Dada."

"Baffanku ya ba ka zuwa Babbar Sallah ka samu aiki, in ba haka ba shi ke nan. Ba zan iya sa shi ya janye ba, kada ma ka roƙe ni." Ta ja numfashi. "Na ga yadda ka rame. Ka je ka ci abinci, ka kwanta ka huta. Ranar Litinin ka fita da sassafe ka buga duk ƙofar da ka gani. Ni kuma daga Litinin ɗin zan ɗauki azumi, ba zan ajiye ba sai an kira ka. Ka ji ni, ɗana?"

Sai Rumaisa, da ke tsaye kusa da kafaɗar uwarta, ta jiyo Mu'az yana kuka.